Warin sabon fenti: Sharaɗin da bai kamata ya tsaya a manyan benaye ba

Saura kwana huɗu ko biyar a kai amarya ake kiran mai fenti. Zai shafe bango da fentin ruwa, sannan ya bi ƙofofi da tagogi da ƙarafunan kariya da fentin mai, wanda ya tsinka da tina ko fetur domin ya yi auki ya kuma bushe da wuri. Kafin ɗakin ya gama shan iska 'yan jere sun iso da gado da sif da kujeru, sababbi fil daga wajen kafinta, su ma ɗauke da nasu warin na gam da fenti. Sai a rufe tagogi saboda ƙura da sauro, a saki labule, a banka turaren wuta don ya danne warin. A nan ango da amarya za su kwana. Idan ciwon kai ko yajin ido ko tari ya biyo baya, sai a ce gajiyar biki ce.

Haka ake yi wa azuzuwa ana gobe komawa makaranta, haka kuma ake yi wa ɗakin haihuwa na asibiti idan manyan baƙi za su zo bikin buɗewa. Warin sabon fenti ya zama shaidar cewa an yi aiki, har wasu na jin daɗinsa.

A ƙasashe da dama wannan warin yana da ma'auni, yana da iyaka, kuma yana cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ba gini takardar shaidar cewa yana kare muhalli da lafiyar mazauna cikinsa. Sharaɗi ne mai kyau da ya cancanci goyon baya. Sai dai yadda ake tafiyar da shi a yanzu, tsirarun benaye a Legas da Abuja ne kawai za su ci moriyarsa, alhali masu shaƙar fenti mafi muni suna can a unguwanni da makarantun gwamnati.

Abin da ke tashi daga bango

Kowane fenti haɗi ne na garin launi, da sinadarin da ke manna launin a bango, da kuma ruwan da ke tsinka su don a iya shafawa. Wannan ruwan ba ya zama a bango. Bushewar fenti tana nufin ya tashi ya bi iska. A fentin mai, ruwan daga man fetur aka samo shi, kuma yakan ɗauki kaso mai yawa na abin da ke cikin gwangwani. Idan aka ɗauka kowace lita tana ɗauke da giram 400 na irin waɗannan sinadarai, to galan ɗaya mai lita 4 zai saki giram 1,600, wato sama da kilo ɗaya da rabi, a cikin iskar da mutane ke shaƙa.

Masana na kiran su sinadarai masu tashi, a taƙaice VOC. Daga cikinsu akwai toluwin da zailin da benzin, akwai kuma fomaldihaid, wanda ruwansa ne fomalin da ake adana gawa da shi a asibitoci. Fentin ruwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma shi ma bai kuɓuta ba, domin ana zuba masa wasu sinadarai don ya kwanta sumul, wasu kuma don kada ya ruɓe a cikin bokiti.

Binciken da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta gudanar a shekarun 1980 ya gano cewa yawan wasu daga cikin sinadaran nan a cikin gida kan ninka na waje sau 2 zuwa 5, ko gidan a birni yake ko a ƙauye. A lokacin wasu ayyuka, kamar kankare tsohon fenti da sinadari, yawan na iya kai wa ninki 1,000. Abin dariya da takaici, ita kanta hukumar ba ta tsira ba: tsakanin 1987 da 1988 ma'aikatanta da dama sun riƙa kokawa da rashin lafiya a hedikwatarta da ke Washington bayan an shimfiɗa sabon kafet.

Illar nan take kowa ya san ta: ciwon kai, jiri, yajin ido da maƙogwaro, da tashin asma ga mai ita. Ta dogon lokaci ce ba a cika magana a kai ba. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sanya benzin da fomaldihaid a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Tun 1989 kuma ta sanya sana'ar fenti ita kanta a wannan rukuni. Ma'ana, saurayin da ke kan tsani da buroshi daga safe zuwa yamma, babu takunkumi sai tsumma a hanci, shi ne na farko a layin haɗari, kafin a zo kan mai gida.

Iyakar da aka faro daga hayaƙin birni

Tarihin ƙayyade sinadaran fenti bai faro daga cikin ɗaki ba. Ya faro ne daga sararin samaniyar Los Angeles, inda hazo mai yaji ya addabi jama'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyya mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon na samuwa ne idan tururin man fetur da makamantansa ya haɗu da hayaƙin injuna a ƙarƙashin rana. Daga nan hukumomin Kalifoniya suka fara bin duk abin da ke sakin irin wannan tururi, har suka iso kan fenti. A 1977 hukumar kula da iska ta yankin ta kafa ƙa'ida mai lamba 1113, wadda har yau ake kafa hujja da ita a faɗin duniya. A ƙarƙashinta, fentin bango na yau da kullum ba zai wuce giram 50 a lita ba. Tarayyar Turai ta fito da nata tsarin a 2004, kuma daga 2010 iyakar fentin bangon ciki marar ƙyalli ta zama giram 30 a lita.

Da tsare-tsaren ba gine-gine takardar shaida suka bayyana, sai suka ari waɗannan lambobi. BREEAM na Birtaniya shi ne ya fara a 1990. LEED na Amurka ya biyo baya a 1998, kuma shi ne ya fi shahara. Gini na tara maki a fannoni kamar wuta da ruwa da kayan gini da iskar ciki. Daga maki 40 ake samun shaida, 50 matakin azurfa, 60 na zinare, 80 kuma matakin ƙoli. A tsarin LEED na 2009, abin da ake nema daga fenti mai sauƙi ne: kada marar ƙyalli ya wuce giram 50 a lita, mai ƙyalli 150, na hana tsatsa kuma 250. A duba takardar kamfani, a kwafe lamba, shi ke nan.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Tunda dokar Amurka don hazon waje aka yi ta, abin da take ƙirgawa shi ne sinadaran da ke haddasa hazo. Wanda ba ya haddasa shi sosai sai a cire shi daga lissafi ko da yana damun hanci da huhu. Asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, an cire shi daga lissafin tun 1995. Saboda haka gwangwani na iya nuna ƙaramar lamba alhali abin da ke ciki yana cika ɗaki da tururi. Abu na biyu, lambar tana faɗin abin da ke cikin gwangwani ne, ba ta faɗin abin da bango zai ci gaba da fitarwa bayan mako biyu ko wata guda, lokacin da mutane suka riga suka tare.

Gwajin kwana 14

Wannan giɓin ne tsarin LEED na 2013 ya nemi toshewa, kuma a nan ya cancanci yabo. Ya ce ba lamba ɗaya ake so ba, biyu ake so. Dole duk fentin da aka shafa a cikin gini ya cika sharaɗin abin da ke cikin gwangwani. Bayan haka, kashi 90 cikin 100 nasa sai ya ci gwajin abin da yake fitarwa bayan an shafa. Kwaskwarimar da aka yi wa tsarin daga baya ta sauko da wannan kaso zuwa 75, don masu gini sun koka da tsananinsa. Haka kuma, idan an zuba sinadaran nan da doka ta cire daga lissafi har suka wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin fentin, dole a bayyana.

Gwajin na Ma'aikatar Lafiya ta Kalifoniya ne. Ana shafa fentin a kan wani faranti, a bar shi kwana 10, sannan a rufe shi a wani ƙaramin akwati na musamman na kwana 4, ana ɗibar iskar ana aunawa. A ranar ta 14 ake duba sinadarai sama da 30 ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a yi lissafi: da a ce wannan fentin aka shafa wa aji ko ofis mai girma kaza, nawa ɗalibi ko ma'aikaci zai shaƙa? Na fomaldihaid, alal misali, ba a yarda ya wuce maikirogiram 9 a kowace mita ɗaya ta iska mai tsawo da faɗi da zurfi ba. Fentin da ya ci irin wannan gwaji ne ke ɗauke da tambura kamar GREENGUARD Gold.

LEED bai tsaya kan fenti ba. A tsarin 2013 an ware wani makin daban ga wanda ya wanke ginin da iska kafin a tare, wato ya tura iskar waje mai yawan lita sama da miliyan 4 ga kowace murabba'in mita ta ƙasan ginin, ko kuma ya kawo masu awo su tabbatar da tsaftar iskar. Idan aka kwatanta wannan da ɗakin da aka shafe ranar Talata aka tare ranar Asabar, za a ga nisan da ke tsakani.

Me ya sa ba za a yarda da abin da kamfani ya rubuta a gwangwani kawai ba? Amurka ta ba da amsa a 2012, lokacin da Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayya, FTC, ta tuhumi manyan kamfanonin fenti biyu, Sherwin-Williams da PPG, kan tallata wasu nau'o'in fentinsu a matsayin waɗanda ba su da VOC ko kaɗan. Farin fentin da ke cikin gwangwani na iya cika wannan iƙirari, amma da zarar an zuba masa launi a shago sai lissafi ya canza, domin shi launin da nasa sinadaran yake zuwa. Kamfanonin sun sasanta da hukumar, suka amince su gyara tallarsu. Idan har hakan zai faru a ƙasar da ke da masu sa ido, to ina ga kasuwar da ake haɗa launi a bakin titi, a cikin bokitin da ko sunan kamfani babu?

Makin da ake iya tsallakewa

Duk da wannan ci gaba, takardar shaida a jikin gini ba ta nufin an yi amfani da fenti mai ƙarancin tururi. A tsarin LEED akwai sharuɗɗan dole, akwai na zaɓi, kuma batun kayan gini masu ƙarancin tururi na zaɓi ne. A tsarin 2013 da kwaskwarimarsa, maki 3 kacal aka ware masa a cikin 110. Ƙari a kan haka, a tsarin da aka yi wa kwaskwarima, an kasa kayan gida 8: fenti, gam, daɓe, bango, silin, kayan tare zafi, kujeru da tebura, da katakon haɗi. Wanda ya cika sharaɗi a huɗu daga ciki ya samu makinsa uku cif. Ke nan gini na iya cinye makin gaba ɗaya ba tare da an taɓa maganar fenti ba, kuma yana iya kai wa matakin zinare ba tare da ya nemi makin ba ma.

Wannan kuskure ne. Abin da ya shafi numfashin mutanen da za su yi shekaru a cikin gini bai dace a jera shi da wurin ajiye keke a matsayin abin da za a ɗauka ko a bari ba. Fenti mai ƙarancin tururi ya daina zama kayan alfarma a kasuwannin da aka tsara LEED dominsu, don haka babu hujjar barin shi a rukunin zaɓi.

A Najeriya giɓin ya fi haka faɗi. Gine-ginen da ke da LEED ba su da yawa. Heritage Place da ke Ikoyi, wanda ake ambata a matsayin ginin kasuwanci na farko da ya same ta a ƙasar, yana nuna irin rukunin da ake magana: ofisoshin manyan kamfanoni masu biyan haya da dala. Tsarin da ya fi karɓuwa a wajen masu gina rukunin gidaje a ƙasashe masu tasowa shi ne EDGE, na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa. EDGE abu uku yake nema: rage amfani da wuta da kashi 20, rage ruwa da kashi 20, da rage kashi 20 na abin da aka ƙona wajen samar da kayan ginin. An tsara shi ne don ya yi sauƙi da araha, kuma ya yi nasara a wannan. Amma iskar cikin ɗaki ba ta cikin lissafinsa. Haka ma ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017: ta yi maganar tagogi da inuwa da rufi da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, ba ta shafi fenti ba.

A nan ne haɗarin yake. Tattalin wuta yana tafiya da toshe kafofin iska don kada sanyi ya tsere. Ƙasashen Yamma sun yi haka bayan tsadar mai ta 1973, suka rage iskar da ke shiga ofisoshi, abin da ya biyo baya shi ne koke-koken ma'aikata na ciwon kai da kasala da ke tafiya da zarar sun bar ginin. Gidajen zamani a Kano da Kaduna da Abuja suna bin wannan sawu: tagogin gilashi masu rufewa ruf, silin na POP, da na'urar sanyaya ɗaki ta bango wadda iskar ɗakin kawai take juyawa, ba ta shigo da ta waje. Tsohon gida mai tsakar gida da tagogi a buɗe yana yafe wa mugun fenti. Sabon ɗakin da aka toshe ba ya yafewa.

Lambar Kalifoniya a zafin Sakkwato

Wanda zai ce a kwafo sharaɗin LEED yadda yake a ɗora wa Najeriya, shi ma bai yi nazari ba.

Na farko, ana yin gwajin ne a zafin digiri 23. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu kan haura 40, kuma bangon da rana ta daka ya fi haka. Zafi na ƙara saurin tashin sinadarai. Hakan na nufin kwanakin farko bayan shafawa sun fi tsanani a nan, kuma su ne kwanakin da aka fi gaggawar tarewa.

Na biyu, lambar da ke gwangwani ta fentin da aka shafa bisa umarnin kamfani ce. Mai fentin da ya tsiyaya fetur ko kananzir a cikin galan ya rushe lissafin gaba ɗaya, kuma a fetur akwai benzin. Ba don mugunta yake yi ba. An ba shi kwangila a dunƙule, tina na da tsada, kowace lita da ya ƙara riba ce. Sharaɗin da bai isa ga wannan mutumin ba a takarda kawai zai tsaya.

Na uku shi ne kuɗi. Gwajin akwati na buƙatar ɗakin bincike da aka tantance, kuma irin waɗannan ɗakunan sun fi yawa a Amurka da Turai da Asiya. Ƙaramin kamfanin fenti a Kano ko Aba ba zai iya tura kowane nau'in fentinsa ƙasar waje ya biya da dala ba. Idan aka dage sai mai tambarin waje, sakamakon shi ne masu manyan gine-gine su koma shigo da fenti, kamfanonin gida su rasa kasuwa, talaka kuma ya ci gaba da sayen abin da ya saba. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Sai na huɗu, wanda ya fi duka nauyi. Gwajin tururi ba ya ganin dalma, domin dalma ba ta tashi. Tana nan a cikin fentin har ya tsufa ya fara ɓarewa ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, shi ya sa masu tsara sharaɗin tururi ba su damu da ita ba. A Najeriya kuwa, binciken da ƙungiyar SRADev ta yi tare da ƙungiyar IPEN a 2017 ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na fentin mai da aka gwada sun wuce iyakar kashi 90 cikin miliyan da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara. Launuka masu haske irin su rawaya da ja su ne suka fi ɗaukar ta, kuma su ake so a makarantun yara da wuraren wasa.

Arewa ba ta buƙatar a yi mata bayanin gubar dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, a 2015 kuma aka sake ganin irin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Waɗancan daga haƙar zinare ne, kuma sun zo da ƙarfi har duniya ta ji. Ta fenti a hankali take aiki, ba ta kashewa nan take, tana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa ne, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Kamaru ta kafa dokar iyakar 90 a 2017, Najeriya ma ta ɗauki wannan ma'auni a ƙa'idojinta. Abin da ya rage shi ne a gan shi a kasuwa.

Inda za a fara

Faransa ta nuna hanyar da ba ta buƙatar jiran takardar shaidar gini. Daga 2012 ta wajabta wa masu sayar da fenti da sauran kayan cikin gida su manna tambari mai nuna yawan tururin da kayan ke fitarwa, daga A+ zuwa C. Mai saye ko bai san sunan sinadari ko ɗaya ba, yana iya bambance harafi. Hukumar SON, wadda dama ita ke ba kayan masana'antu shaidar inganci, za ta iya farawa da mataki mafi sauƙi: kowane gwangwani ya nuna giram nawa na VOC ke cikin lita, ya kuma nuna cewa dalmarsa ba ta wuce iyaka ba, a rubuce da Turanci da manyan harsunan ƙasa. Auna abin da ke cikin gwangwani ya fi gwajin akwati sauƙi da araha, kuma sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i irin su ABU da BUK na iya zama cibiyoyin awo idan aka ba su kayan aiki aka tantance su. Ita kuma NESREA ta riƙa sayen fenti daga kasuwa ba tare da sanarwa ba, ta gwada, ta wallafa sakamako da sunaye.

Babban makami yana hannun gwamnatoci, domin su ne manyan masu sayen fenti ta hanyar kwangilolin azuzuwa da asibitoci da ofisoshi. Layi biyu a takardar kwangila sun isa su juya kasuwa: fentin ruwa mai ƙayyadadden VOC a duk bangon ciki, da fentin da ba shi da dalma a ko'ina. A ƙara da sharaɗin cewa ba za a shigar da ɗalibai ko marasa lafiya ba sai bayan aƙalla mako biyu da gama shafawa, tagogi a buɗe. Wannan na ƙarshen ko sisi ba ya ci, tsara lokaci kawai yake buƙata, wato a yi fentin a farkon hutu maimakon ƙarshensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce tsada. A halin da ake ciki, mutumin da ke fafutukar kuɗin siminti ba zai saurari maganar tururi ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma galibin bangon gidaje dama fentin ruwa ake shafa musu, wanda shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin tururi. Inda matsalar ta taru shi ne fentin mai na ƙofofi da ƙarafuna, da al'adar shafa shi a rabin bangon aji ko asibiti don a riƙa wankewa, da fanishin kujeru, da tsinkawa da fetur. Waɗannan kaso kaɗan ne na kuɗin gini. Ƙofa da taga ana iya fentinsu a waje, su bushe a tsakar gida kafin a kafa. Masu zuba jari a rukunin gidaje da ke neman EDGE kuwa, babu abin da ya hana su ƙara sharaɗin fenti da kansu, kuma bankunan da ke ba su rance mai sauƙi da sunan kare muhalli na da ikon tambayar su.

Ƙungiyoyin masu fenti a jihohi su ne aka fi mantawa da su, alhali su ne za su aiwatar da duk abin da aka rubuta. Horon yini guda kan illar fetur a fenti, da bambancin takunkumin ƙura da na tururi, da haɗarin goge tsohon fenti da samfefa a ɗakin da yara ke kwana, zai kai inda takardar shaida ba za ta kai ba.

LEED ya keɓe wasu kayan da ya amince ba sa fitar da tururi tun asali, irin su dutse da gilashi da tubalin laka, ba ya neman a gwada su muddin ba a shafa musu wani sinadari ba. Magina a Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna gama bango da farar ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ba tare da ɗigon man fetur ba. Suna da nasu rauni: farar ƙasa na goguwa a jikin tufafi, kuma sai an riƙa sabuntawa. Duk da haka, a Turai fentin farar ƙasa da na laka sun dawo kasuwa a cikin gwangwani masu tsada, ana sayar wa masu neman makin iskar ciki. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da sassan zanen gine-gine na jami'o'in Arewa suna da aikin yi a nan: su gwada waɗannan kayan, su gyara rauninsu, su fitar da lambobin da mai zanen gini zai iya rubutawa a takardar kwangila.